Kwance-Gaɓa

Katagum,
10 ga Maris, 2002

Zuwa ga ɗana Najmuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya Kawunka Ladan da matarsa Zainabu da yara? Yaya zafin Azare? Nan ma ya kankama, kogi ya ja baya har ana tsallakawa da ƙafa. Ƙanwarka Hidaya tana gaishe ka.

Takardarka ta iso ta hannun Babayo direba. Na karanta ta sau biyu, kuma abu biyu na gani da ban ji daɗinsu ba.

Na farko, ka ce cinyoyinka da sharaɓarka suna ciwo har ba ka iya zaman tahiya da kyau, sai ka miƙe ƙafa ɗaya. Ka san tun farko ban so gudun nan ba. Namiji mai shekara ashirin da biyu ya fita da gajeren wando yana bin titin Misau kamar wanda aka biyo. Na yarda ne don Kawunka ya ce in aka zaɓe ka cikin 'yan gudun jiha a watan Mayu, za a iya ba ka aiki. To, tun da na yarda na yarda. Amma gudun da zai taɓa salla ba da yawuna ba. Ka kiyaye fa.

Na biyu, maganar kwalbar nan da abokin gudunka Kashim, ɗan Ya Gana mai turaren wuta, yake sayar muku. Ka ce ƙwayoyi ne na ganyaye daga ƙasar waje, wai in mutum ya yi gudu jininsa yakan yi tsatsa kamar ƙarfen da aka bari a damina, su kuma suna kankare ta, su sa gajiya ta sake shi da wuri. Najmuddeen, ni ma na zauna a aji. Na yi sakandare har aji biyar, ba a taɓa koya mana jini yana tsatsa ba. Ganyen da ba ka ga bishiyarsa ba, ba ka san wanda ya tsinke shi ba, ba ka san ko ya yi bisimilla ba, shi za ka riƙa haɗiya don an zana hoton ƙato a jikin kwalba? Daga ranar da takardar nan ta same ka, ko ɗaya kada ka ƙara sa wa bakinka. Ka ji fa.

Ga gwangwanin madara nan na ba Babayo. Abin da ke ciki shi ne kwance-gaɓa, wanda kakarka Iya take yi wa 'yan kokawa da masunta, tun kafin a haifi wanda ya ƙera kwalbar Kashim. Da hannuna na daka shi. Akwai saiwar tumfafiya da ɓawon maɗaci da citta, da wasu abubuwa biyu da Iya ta hana a faɗa wa kowa, ko ɗan cikinka ne, sai wadda za ta gada. Don haka kada ka yi ta tallarsa ga abokai. In an tambaye ka, ba ka san komai ba.

Ka jiƙa cokali biyu a ruwan ɗumi ka shafa safe da yamma. Kada ka tsallake ko sau ɗaya. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa fara abu ya bari a tsakiya ba, kai ma ban rene ka a kan haka ba.

Ka gaida Kawunka da kyau, ka riƙa taya shi zaman shago in ka dawo daga gudun. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce Innarka,
Jannatu Malam Adam

Katagum,
24 ga Maris, 2002

Zuwa ga ɗana Najmuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Muna nan lafiya, sai zafi. Akuyar Hidaya ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba.

Na ga amsarka. Layi biyar kacal, kamar wanda ake cajin sa kuɗin tawada. Ka ce ka daina shan ƙwayoyin Kashim, na ji daɗin wannan, Allah ya ƙara maka jin magana. Sai kuma ka ce maganina yana da ƙarfi, yana wahalar da kai, ko zan yarda ka rage.

Ba zan yarda ba.

Na san yana da ƙarfi. Da idona na ga ƙarti, waɗanda suke ɗaga ƙato su maka da ƙasa, suna zubar da hawaye a tsakar gidan Iya saboda shi. Ba wanda ya ce a rage masa. Kwana uku sai ka gan su a fili suna tsalle kamar ba su ba. Ku yaran yanzu kuna son magani mai santsi, mai launi, wanda zai wuce ba a ji ba. Maganin da bai girgiza ka ba, ai bai gamu da ciwon ba. Wahalar da kake ji ita ce shaidar yana aiki.

Kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tambayar kanta. Kwalbar da ba ka san asalinta ba, wata biyu kana haɗiya ba ka taɓa rubuto mini ka ce ko za ka rage ba. Sai abin da ya fito daga hannun uwarka ne za ka tsaya kana ciniki a kansa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tun kana ƙarami na hana ka ce mini don me, ba kuma yanzu da gemu ya fito za a fara ba.

Tun da saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a yi zaɓen 'yan gudun, ka mai da shi sau uku, ka ƙara da azahar. Ga wani gwangwanin nan, na san na farko ya kusa ƙarewa. Kada in sake jin ƙorafi.

Babayo ya ce ya gan ka a bakin shago, wai ka rame, idonka ya faɗa. Na ce masa wanda yake tseren banza da rana tsaka ai dole ya rame. Ka riƙa cin abinci. Ga kuka da daddawa na sa a ba Zainabu.

Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Innarka,
Jannatu

Azare,
6 ga Afrilu, 2002

Zuwa ga ƙanwata Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya Kano, yaya Alhaji da yara? Allah ya sa kuna lafiya. Mu kam sai addu'a.

Daga bakin gadon asibiti nake rubuto miki. Najmuddeen ne. Ranar Talata da safe ya faɗi a hanyar Bulkachuwa suna cikin gudu, abokansa suka ɗauko shi a bayan wata a-kori-kura. Yaya Ladan ya aiko aka taho da ni. Mairo, da ƙyar na gane shi. Fuska ta kumbura, ƙafafu kamar turmi, amai ba tsayawa. Fitsarinsa ɗan kaɗan ne, shi ma kamar baƙin shayi, tun jiya kuma ko ɗigo babu. Ashe ya fi kwana goma yana amai a ɓoye, ya hana Zainabu ta faɗa mini.

Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun. Ya ce wannan ba aikin gudu ba ne kaɗai, akwai abin da ya daɗe yana shiga cikinsa, kuma in sun san ko mene ne sun fi sanin ta inda za su ɓullo. Ya tambaya ko ya sha wani abu na gargajiya, jiƙo ko sassaƙe. Na ce masa ɗana bai sha komai na gargajiya ba, ba a yin haka a gidana ban sani ba. Likitan ya juya ga shi yaron ya sake tambaya. Najmuddeen ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce yadda Inna ta faɗa haka ne.

Sai na gaya wa likitan abin da na sani. Akwai wani yaro Kashim, 'yan Yobe ne da suka zauna nan, yana yawo da jaka yana sayar wa 'yan gudu da 'yan ƙwallo wasu ƙwayoyi a koriyar kwalba, wai na ganye ne masu cire gajiya. Wata biyu Najmuddeen ya yi yana sha kafin in hana shi. Likita ya karɓi kwalba ɗaya ya jujjuya, ya ce ba zai rantse ba, amma yana iya yiwuwa.

Ni kam ba na buƙatar ya rantse. Kashim ɗin ya zo dubiya da lemo a leda, yana wani sharar ido. A gaban mutanen ɗakin na ce masa ya kwashe lemonsa, wanda ya shayar da guba ba ya kawo lemo. Ya ce wallahi Hajiya tun watan jiya Najmuddeen ya daina saya, kuma mu goma sha ɗaya ne muke sha, ba wanda ko kansa ya yi ciwo. Na ce to ku goman ku jira naku. Uwarsa ta biyo ni har bakin famfo tana Hajiya ki ji tsoron Allah, na ce ita ta fara ji, da ta tsaya ta yi tarbiyya maimakon turara zannuwan mutane da ba a zo nan ba. Na kai ƙara, an tsare shi tun shekaranjiya. Yaya Ladan ya ce na yi gaggawa. Ban yi ba. In ba a taka wa irinsu burki ba, gobe ɗan wata ne.

Dalilin takardar nan: sun ce in bai yi fitsari ba zuwa Litinin, sai an kawo shi Kano a ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. Ki gaya wa Alhaji ya fara bincika mana hanya a babban asibiti. Motar asibitin, mutum biyu za ta ɗauka bayan shi. Yaya Ladan da Hidaya za su biyo shi, ni zan haɗa kayansa in taho daga baya.

Ki sa malaman unguwarku su yi mana addu'a. Yaron nan bai taɓa saɓa mini ba, sai a kan kwalbar nan.

Yayarki,
Jannatu

Azare,
9 ga Afrilu, 2002

Mairo,

Assalamu alaikum. Ina fatan sun iso lafiya jiya. Ki yafe gajeriyar gaisuwa, Babayo yana tsaye a ƙofa da mota a kunne.

Kada ki zauna. Da kin gama karantawa ki ɗauki gwangwanin da ke cikin ledar nan da ƙaramar takardar da na naɗe a jikinsa, ki kai wa likitan da ke duba shi hannu da hannu. Na rubuta duk abin da ke ciki, har biyun da Iya ta hana a faɗa. Ki ce masa shi ne abin da yaron yake sha. Kwana ashirin da uku, da farko sau biyu a rana, daga baya sau uku.

Kwance-gaɓa ne, Mairo. Kin san shi. Kin san Iya ko hannu ba ta bari mu kai baki in mun taɓa shi sai mun wanke da toka.

Yau da hantsi na shiga ɗakinsa na zauren Yaya Ladan ina haɗa kaya. A ƙarƙashin gado na ga gwangwanayen da na aiko masa, ɗaya wayam, ɗaya saura kaɗan. Kusa da su kofi da cokali. Na ɗauki kofin don in wanke, sai na ga guntun garin ya bushe a gindinsa, da alamar baki a gefe. Na tsaya ina kallo, na ce wane irin shashanci ne wannan, wa ya ce masa a kofin shan ruwa ake jiƙawa. Takardata ta farko tana nan a ƙarƙashin gwangwanin, ya ja layi da jan biro a wurin da na faɗi yadda zai yi.

Ni shafa na rubuta. Allah shi ne shaidata, shafa na rubuta. Amma takardar ta ƙare mini a bakin layi. Sha tana ƙarshen layin sama, fa ta sauko layin ƙasa ita kaɗai, ban sa ɗan layin da ake haɗa su ba. Ki karanta yadda ya karanta: ka jiƙa cokali biyu a ruwan ɗumi ka sha, fa safe da yamma. Ka sha fa. Wace magana na taɓa yi wa yaron nan ban rufe ta da fa ba? Muryata ya ji.

Ya rubuto mini, Mairo. Ya ce yana wahalar da shi, ko zai rage. Na ɗauka raɗaɗin fata yake nufi. Na yi masa faɗa, na ce ya ƙara.

Da na ce wa likita bai sha komai ba, ni gaskiyata na faɗa. Shi kuma ya ɗauka ɓoyewa nake yi saboda sirrin Iya, don na riga na ce masa in an tambaye shi bai san komai ba. Shi ya sa ya dube ni. Kwana bakwai ke nan suna neman ciwo a inda ba ya nan.

A cikin jakarsa akwai koriyar kwalba ɗaya, ko murfinta ba a fasa ba.

Na je wurin mai tarho sau biyu, layin shagon Alhaji ya ƙi shiga. Da na fito jiri ya kayar da ni a bakin titi, Zainabu ta ce ba zan hau mota yau ba ko za a yanka ta. Gobe da motar farko ina tafe.

Abu ɗaya nake roƙonki. Daga ke sai likita sai Yaya Ladan. Kada Hidaya ta ji, kada Alhaji ya ji. Maganar yaron da ke tsare kuma a bar ta tukuna, sai na ga yadda jikin ya yi.

Ki yi sauri.

Jannatu

Katagum,
2 ga Yuni, 2002

Zuwa ga Ya Gana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa. Yaya Gashuwa, yaya baƙunta bayan shekara goma sha tara a Azare? Yaya Kashim da ƙannensa? Allah ya sa kuna lafiya. Da ƙyar Babayo ya samo mini wanda ya san inda kuka sauka.

Na san labari ya iso ku, amma ya kamata ki ji daga gare ni. Najmuddeen ya rasu ranar Laraba, sha bakwai ga Afrilu, a Kano, bayan an ɗora shi a kan inji sau huɗu. A can aka yi masa sutura.

Ba ƙwayoyin ɗanki ne suka kashe shi ba. Magani ne na shafawa da na daka da hannuna na aika masa don ciwon gaɓoɓi. Rubutuna ya raba kalmar gida biyu, ya karanta sha, ya yi ta sha har kwana ashirin da uku. Da ya nemi ya rage, ni na ce ya ƙara. Likitan Kano da ya ga abin da ke ciki bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, sau nawa a rana? Na ce uku. Ya ce wa ya ce masa uku? Na ce ni.

Ban gaya wa yaron ba. Ƙanwata ta ce kada in ɗora masa wannan a kan abin da yake ciki, ni kuma na sami inda zan laɓe. Kwana biyu kafin ya cika hankalinsa ya ɗan dawo, ya kama bakin mayafina ya ce, Inna, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Na ce Allah ya yi maka albarka. Abin da na iya faɗa ke nan.

Yanzu ga naki. Tun ranar tara ga Afrilu na san ɗanki ba shi da laifi. Kwana huɗu ya ƙara a tsare da sanina, kafin yayana ya je ya janye ƙarar a ɓoye. Bayan nan ma na yi shiru. Na ji an daina sayen turarenki. Na ji matan unguwa sun hana 'ya'yansu shiga gidanki, an cire Kashim daga cikin 'yan gudu, yara suna binsa da sunan da ba zan rubuta ba. Na ji ranar da kuka ɗaure kaya. Duk na ji, ina zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa, ana ce mini Allah ya isar miki, ina cewa amin. Yayana ya ce a bar shi a ƙaddara, tona shi ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Ni da na shekara talatin ina yi wa 'ya'yan mutane wa'azin gaskiya, na karɓi wannan shawarar da hannu biyu.

Ranar sadakar arba'in mata suka cika tsakar gidana, har da waɗanda suka zo daga Azare. Wata ta ɗaga hannu ta fara tsine wa Kashim, saura suna amsawa. Sai na ji ba zan iya cewa amin ɗin nan ba. Na miƙe na faɗa musu duka, tun daga dakan har zuwa bakin famfo inda na zage ki. 'Yata Hidaya a nan ta fara ji. Har yau tana kawo mini abinci ta ajiye, ba ta zama.

Na roƙi yayana ya faɗa a masallacin unguwarku ta Azare bayan sallar Juma'a, ya yi shekaranjiya. Takardar nan kuma taki ce. Ki ba duk wanda kika ga dama ya karanta, a Gashuwa ko a Azare, da sunana a ƙasa. Na ce miki ba ki yi tarbiyya ba. Ɗanki ya tsaya a gabana a cikin mutane ya ce Hajiya ba haka ba ne. Nawa ko da cikinsa yana ƙonewa bai iya ba, kuma ni na mai da shi haka, ina alfahari.

Ban ce ki yafe ba. In kin yafe don Allah, na gode. In kin riƙe, hakkinki ne, kada kunya ta sa ki faɗi abin da ba ya zuciyarki.

Alfarma ɗaya nake nema, a wurin Kashim, in zai iya. Mutane suna ta ce mini yaron nan in ya saki ƙafa ba a kamo shi. Ni ban taɓa ganinsa yana gudu ba, ko sau ɗaya. Ya rubuto mini yadda yake yi, ko layi biyar ne.

Wassalam.

Ni ce,
Jannatu Malam Adam,
mahaifiyar marigayi Najmuddeen